Yadda za ku yanke wane dodo za a yi wa banin a gasar Pokémon ta guruf ɗinku

In dai kuna da guruf na masu buga Pokémon Showdown, shafin intanet da ake gwabza dodannin Pokémon, ko ku goma ne kacal kuna haɗuwa bakin mai shayi a Mabera ko Runjin Sambo bayan isha, ko ɗaliban Danfodiyo ne da ke bugawa a hostel lokacin da anka kawo wuta, to wannan rigimar sai ta iso ku. Wani zai sha kashi sau uku a jere hannun dodo guda, sai ka ga ya turo boyis not mai minti huɗu wai wallahi in ba a cire Kingambit ba shi ya bar gasa, wani shi ce a'a kai ne ba ka iya ba, kafin ka ankara an koma gori da tone-tone admin shina ta goge saƙo. To ga yadda ni nake ganin ya kamata a bi abin, kuma mafi yawansa ba ni na ƙirƙiro ba, hanyar da mutanen Smogon, dandalin masu gasar Pokémon a intanet, sunka daɗe suna bi ce tun da anka kafa su a 2004, sai dai na rage mata tsawo ta dace da mutane kaɗan irinmu.

Da farko ku yarda da magana guda tun kafin a kira sunan kowane dodo: wanda ya ce a yi banin, wato a hana amfani da abu a gasa, shi ne zai kawo hujja. Mai cewa a bar shi ba sai ya ce komai ba. Duk abin da ke cikin gem halas ne a gasa har sai an nuna ɓarnarsa. In ba ku kafa wanga ba, kowane mako sai an cire wani abu, saboda kowane mako akwai wanda anka ci, kuma wanda anka ci ba ya rasa abin zargi.

Sai ku zaɓi tushe. Kada ku fara da farar takarda kuna rubuta dokoki daga kanku, za ku wahala a banza. Hanya biyu ce sananna. Akwai VGC, gasar kamfanin Pokémon ɗin kansa, dodo biyu da biyu a fili, ka zo da shida ka zaɓi huɗu, kowa a lebul 50, kuma su ba su cika cire dodo ɗaya tilo ba, rukuni suke hanawa ko su ƙayyade, misali manyan dodannin da ke kan kwalin gem a ce babu, ko a ce ɗaya ko biyu kawai, sannan bayan 'yan watanni su canza doka. Akwai kuma tsarin Smogon na ɗaya da ɗaya, shida da shida, mai hawa-hawa: Ubers a sama inda ake tura waɗanda sunka fi ƙarfin jama'a, sai OU inda dodannin da anka fi amfani da su suke, sai UU, RU, NU, PU a ƙasa. Mafi yawanmu OU muke bugawa don haka da shi zan yi misali. Ku ɗauki jerin banin na OU yadda yake, ku ce wanga ne tushenmu, duk abin da za mu ƙara ko mu rage sai da ƙuri'a.

Yanzu kuskuren da ya fi yawa. Mutum zai ce "ai kowa shi yake amfani da shi, duk tim sai ka gan shi, a cire". Yawan amfani ba hujjar banin ba ne. A Smogon yawan amfani aikinsa ɗaya, shi ke raba OU da UU, duk dodon da ya wuce kashi 4.52 cikin ɗari ya zauna a OU, kuma lissafin lambar nan shi ne dodon da kake da rabin damar haɗuwa da shi aƙalla sau ɗaya cikin wasa 15. Shi ke nan. Bai ce komai game da ko dodon ya fi ƙarfi ba. Landorus-Therian ya yi shekaru yana saman jerin OU, an zage shi an gaji, ba a taɓa kora shi Ubers ba, haka Great Tusk a zamanin Scarlet da Violet. Dalili, irin waɗannan su ke riƙe tim, su tare wannan su share Stealth Rock (duwatsun da ake zubawa a fili masu rage ran duk dodon da ya shigo) su ba ka damar musanya, in ka cire su abubuwa biyar da suke dannewa za su taso maka lokaci guda. Sau da yawa ma dodon da ka ga ya cika ko'ina alama ce ta cewa akwai wani mugu da kowa ke tsoro, shi wancan magani ne kawai. Ka nemi ciwon.

Abin da za ku tambaya uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Na farko, yana da makari? Ina nufin dodon da zai iya shigowa fili a kan dukansa, shi sha, shi rayu, sannan shi kore shi ko shi kashe shi, ba sau ɗaya ba, duk lokacin da ya dawo. Wannan daban yake da wanda zai iya kashe shi in an ba shi shigowa kyauta bayan wani naka ya mutu. Ku zauna ku lissafa su da suna. In kun samu makari huɗu biyar waɗanda dama mutane na sa su a tim don wasu dalilai, to maganar banin ta mutu a nan, mai ƙorafi shi je shi gyara tim ɗinsa. In kuwa makarin ɗaya ne ko biyu, kuma dodanni ne da ba wanda zai kalle su in ba don wannan mugun ba, to akwai magana. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Dracovish a zamanin Sword da Shield. Dukansa Fishious Rend ƙarfinsa 85, in ya riga ka bugu ko ka musanya a gabansa ya ninka ya zama 170, baiwarsa Strong Jaw ta ƙara rabi ya zama 255, da yake dodon ruwa ne yana dukan ruwa a sake ƙara rabi ya haura 380, ba a ma sa Choice Band (abin riƙewa mai ƙara ƙarfin duka) ko ruwan sama a lissafi ba tukuna. Har dodannin da ruwa ba ya yi musu illa sosai suna faɗuwa a bugu biyu. Mi mutane sunka yi? Sai kowa ya koma ɗaukar Seismitoad mai Water Absorb ko wani mai shanye ruwa irinsa, ba don suna so ba, don in ba ka da shi an gama da kai tun daga kallon tim. Gurbi ɗaya cikin shida ya zama ba naka ba ne, na Dracovish ne, ko abokin wasanka bai zo da shi ba. An yi masa banin a 2020. Wannan shi ne ma'aunin da ni na fi yarda da shi: ba wai yana ci da yawa ba, a'a, ya ƙwace maka zaɓi tun kana gina tim.

Kuma don Allah a nan kada a yi da baki. Showdown na da kalkuleta ta lissafin duka, kyauta ce, tana buɗewa a burauzar waya, ba ta cin data sosai. Ka sa dodon, ka sa wanda kake cewa makarinsa ne, ka duba kashi nawa yake sha. Ka tuna duka yana lilo tsakanin 85 da 100 cikin ɗari, ka sa Stealth Rock a lissafin domin a wasa na gaske da wuya ka shigo fili da cikakken rai, ka kuma gwada da Tera, wato canza nau'in dodo a tsakiyar wasa, in kuna buga na yanzu. Sai ka ɗauki sikirinshot ka turo guruf. Rabin gardamar da ake yi har ƙarfe ɗaya na dare hoto guda zai kashe ta.

Na biyu, shin abin yana mayar da wasa caca? Wannan ba ruwansa da ƙarfi. Fissure, Sheer Cold, Horn Drill da Guillotine, masu kashe dodo a bugu ɗaya, sa'ar samunsu 30 ce cikin ɗari, wato sau bakwai cikin goma asarar zagaye ka yi, a lissafi ma ba su da wani kyau, amma an hana su domin ranar da ya samu babu dabarar da ta rage, wanda ya fi iyawa da wanda ya fara jiya duk ɗaya. Haka Double Team da Minimize masu sa duka ya riƙa kuskurewa, haka baiwar Moody mai ɗaga lambobi yadda ta ga dama. Ga kuma masu kulle ka a fili, Shadow Tag da Arena Trap, su ba caca ba ne kai tsaye amma sun hana ka musanya, alhali musanya ita ce zuciyar wasan ɗaya da ɗaya, shi ya sa anka hana Arena Trap a OU a 2017 saboda abin da Dugtrio ke yi. A dambe ba a hana ƙato shiga fage don hannunsa na da nauyi, sai dai a nemo masa daidai shi, amma wanda ya ɗaura kwalba a cikin kara ko yaro ne fitar da shi ake yi, to waɗannan su ne kwalbar.

Sai dai kada ku zarce. Sa'a tana cikin gem ɗin tun asali, kiritikal na faɗowa sau ɗaya cikin 24, Focus Blast na kuskure 30 cikin ɗari kuma kullum a lokacin da ka fi bukatarsa yake yi, wannan ba abin banin ba ne, haƙuri ake yi. Abin dubawa shi ne ko mutum ya gina dabararsa kacokan a kan jefa kwabo.

Barci ma nan ya faɗo. Shekara da shekaru dokar ita ce ba ka sa dodo fiye da ɗaya na abokin wasa barci a lokaci guda. A farkon 2024, bayan an sako Darkrai cikin OU yana ta jefa Hypnosis mai sa'ar 60, sai anka hana dukan sa barci gaba ɗaya. Ku a guruf ɗinku ku zaɓi ɗaya ku rubuta, kada a bari sai ranar fainal.

Na uku shi ne mai wuya, kuma shi ne ƙofar da son rai ke shigowa: abin ba shi da ƙarfin da ya wuce kima, ba caca ba ne, amma ya sa wasan ya zama ba daɗi, kowa na gina tim iri ɗaya. Gaskiya ni shawarata ga ƙaramin guruf, ku rufe ƙofar nan sai in kusan kowa ya yarda. Domin nan ne za a kawo muku maganar masu tim ɗin jinkiri, Blissey da Toxapex da Dondozo, wasa ya haura zagaye ɗari, waya ta yi zafi kamar ta ƙone ka a zafin Afrilu na Sakkwato, caji na kashi tara, NEPA ba labari. Na san zafin abin wallahi. Amma wannan matsalar lokaci ce, ku kunna taima daga zagayen farko, ku sa doka kan abin da za a yi in netwok ya yanke, kada ku kori salon wasa sukutum don ba ku son shi. Mai tim ɗin jinkiri shi ma tunani yake yi, wani lokacin ma fiye da kai.

To a ce an yarda akwai matsala. Saura a gane mi za a cire takamaimai, dodon ne, dukansa ne, baiwarsa ce, ko abin da yake riƙe. Nan Scarlet da Violet sunka ba da darasi mai kyau. Gem ya fito 18 ga Nuwamba 2022, cikin 'yan kwanaki anka kori Flutter Mane da Houndstone. Flutter Mane ba gardama, 135 a harin musamman, 135 a gudu, ga nau'in Ghost da Fairy, ita kanta ce matsalar. Houndstone kuwa kare ne mai lambobi na talaka, abin da ya ɗaga shi duka ɗaya ne, Last Respects, yana farawa da 50, duk ɗan tim ɗinka da ya mutu a ƙara 50, in shi kaɗai ya rage ya kai 300, ga Sand Rush na ninka masa gudu cikin guguwar yashi. A lokacin shi kaɗai ke da dukan a gem, don haka shi anka kora. Da Basculegion ya iso a 2023 da duka iri ɗaya sai ta bayyana ashe ba karen ba ne, anka hana Last Respects anka sako Houndstone. Haka ta faru da Shed Tail, dukan da dodo ke ficewa ya bar wa mai shigowa garkuwa, an fara korar Cyclizar, sai Orthworm ya ci gaba da ɓarnar da shi, ƙarshe dukan anka hana Cyclizar ya dawo. Ƙa'idar da za ku ɗauka: in dodo ɗaya ne ke ɓarna da abu, ku cire dodon, in abin yana lalata duk wanda ya riƙe shi, ku cire abin.

Ku guji doka mai reshe. Za a samu mai son dodon da zai ce to a bar shi mana amma kada shi riƙe kaza, ko a bar shi ba tare da duka kaza ba, ko a bar Blaziken in ba Speed Boost. Da ka buɗe wannan ƙofar ba ta rufuwa, gobe wani zai ce a bar masa Mewtwo in ya yarda ba zai sa duka huɗu ba sai biyu. Smogon kansu sun gwada da Baton Pass, dukan da ke miƙa wa mai shigowa ƙarin ƙarfin da dodo ya tara, sun ƙayyade yawan masu shi a tim, sun sake ragewa zuwa ɗaya, sun hana miƙa gudu tare da wani ƙarin, duk mutane na samun hanyar zagayewa, a 2017 dai sunka hana shi ɗungurungum. Dokar da ba za ka iya faɗa wa sabon shiga a numfashi ɗaya ba, admin ma zai manta ta ranar gasa.

Manyan abubuwa irin Dynamax (mayar da dodo ƙato na ɗan lokaci) da Tera ku yi musu zama na musamman, kada a haɗa su da ƙorafin dodo. An hana Dynamax a OU a Disamba 2019, wata guda da fitowar Sword da Shield. Tera kuwa an yi masa ƙuri'a a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, masu son a taɓa shi sun fi rabi amma ba su kai kashi 60 ba, ya zauna, kuma zamansa ya jawo korar wasu da ba don shi ba da suna nan, irin Regieleki mai gudu 200 da ya samu dukan ƙanƙara ta hanyar Tera. Wato in kun bar babban abu ku shirya biyan kuɗinsa da ƙananan banin.

Yanzu ƙuri'a. Wa zai jefa? Ba duk wanda ke guruf ba. Kowane guruf na da mutanen da ba su buga ko wasa ɗaya ba tun bara, sai sitika da dariya, in ka sa fol a WhatsApp su za su fara dannawa, kuma abokinsu za su bi. A Smogon sai ka buɗe sabon akawun ka buga wasanni da yawa a tsanin gasar tsarin a Showdown ka kai wani matsayi na nasara kafin a ba ka ƙuri'a, sannan sai masu cewa a kora sun kai kashi 60 a OU. Ku ba ku bukatar wannan wahalar duka. Ku ce mako biyu na gwaji, duk mai son ƙuri'a shi buga wasa goma da mutane daban-daban na guruf, wasu da dodon a tim ɗinsa wasu yana fuskantarsa, shi ɗora riple, wato maimaicin wasan, shi turo link. Sharaɗin nan na cewa sai ka buga DA shi yana da muhimmanci, mutane da yawa da sun riƙe abin da suke kuka da shi sai su ga ashe shi ma yana da ranar wuya, ana karanta shi, ana kashe shi. Wasu kuma masu kare shi sai kunya ta kama su.

Ga mutane kaɗan ni na fi son biyu bisa uku a kan kashi 60, domin in ku goma ne, mutum shida sun kai 60, kuma shida ɗin nan na iya zama 'yan unguwa ɗaya da sunka haɗa baki a kan zakaran guruf. Kowa shi tura wa admin ƙuri'arsa ta bayan fage tare da dalili layi biyu, bayan an rufe a wallafa duka da sunaye. Wanda dalilinsa "haushi yake ba ni" ne a ajiye tasa gefe. Kuma rashin kai adadi hukunci ne, Kingambit da ake ta kuka da shi, mai Supreme Overlord da ke ƙara masa kashi 10 duk ɗan tim da ya faɗi ga Sucker Punch, an yi masa ƙuri'a a 2023 ya tsira. In naku ya tsira, ba a sake ɗago maganar sai bayan gasa ta gaba.

Kora ta gaggawa ba tare da ƙuri'a ba, ku ajiye ta don makon farko na sabon gem ko sabon ƙari, lokacin da abu ya fito ƙarara. Ko Smogon da sunka yi wa Volcarona haka a tsakiyar 2023 sun sha surutu, daga baya an sako shi, sai a 2024 anka kore shi ta hanyar ƙuri'a. Admin ɗin da ke cikin gasa kuma bai da hurumin korar komai shi kaɗai, balle dodon da ya fitar da shi a zagayen da ya wuce.

Lokaci: ba a canza doka ana tsakiyar gasa. Ko an gano abin ya fi ƙarfi a kwata fainal, a ƙarasa da shi, kowa na da damar ɗaukarsa. Sabuwar doka ta fara aiki a gasa ta gaba, a sanar aƙalla mako guda kafin nan don masu gina tim a hankali, a kuma manna jerin a bayanin guruf da kwanan wata.

Aiwatarwa ba wuya, ba sai kun dogara da amana ba. In za ka ƙalubalanci mutum a Showdown kana iya rubuta sunan tsarin ka bi shi da @@@ sannan alamar ragi da sunan abin da anka hana, kamar gen9ou @@@ -Kingambit, alamar tarawa kuma tana sako abin da OU ta kora. Showdown da kanta za ta ƙi karɓar tim ɗin da ya karya doka. Admin shi rubuta layin sau ɗaya kowa shi kwafa.

Bayan kowace gasa biyu ko uku ku waiwayi jerin, ku sako abu ɗaya ku gwada, ɗaya tak ba biyu ba don ku san wa ya jawo mi. Ku kuma lura da wanda ya taso bayan korar da kunka yi, domin sau da yawa wanda anka cire shi ke danne wani, in sabon ya fi na da muni to tsohon za ku fara dawowa da shi kafin ku kori na biyu. Waɗanda kuma ke son buga manyan dodanninsu ko ta halin ƙaƙa, ku ware musu dare ɗaya na Ubers, ko ma Anything Goes, tsarin da anka buɗe a 2014 lokacin da Mega Rayquaza ya fi ƙarfin Ubers ɗin kanta, su je can su yi ta kashe juna, amma makin daren ba ya shiga teburin gasa.